Yadda ake sabawa da shurin ƙaramar libarba mai harsashin Magnum kafin a fara yawo da ita

Duk wanda ke zuwa wurin koyon harbi a Texas ranar Asabar ya taɓa ganin wannan. Mutum zai shigo da sabuwar libarba 'yar mitsitsiya, wadda ba ta kai nauyin gwangwanin lemo ba, ya ɗura mata harsashi mai ƙarfi na .357 Magnum guda biyar. Ya harba na farko, ya yarfe hannu. Ya harba na biyu don kada a ce ya tsorata. Kafin na biyar tsakanin babban yatsa da manuni ya yi ja, takardar da yake bara kuwa tana nan lafiya lau. Bayan wata uku sai ka ga bindigar a kantin sayar da na hannu. Na ga haka ya fi a ƙirga, ni ma kuma da haka na fara.

Maganar doka tukuna, a taƙaice. Abin da nake faɗa na mazauna Amurka ne da doka ta yarje musu. Texas ta daina neman takardar izinin yawo da ƙaramar bindiga tun 1 ga Satumba 2021, amma kowace jiha da nata tsarin, kuma gidan waya da gine-ginen gwamnatin tarayya ba a shiga da makami ko a ina. Ɗan'uwan da ya zo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai a wasu 'yan yanayi, don haka ya nemi lauya kafin ya nemi kanti. A Najeriya kuwa libarba na cikin makaman da sai da lasisin shugaban ƙasa.

Mataki na farko: ka san abin da ka saya

An fito da harsashin .357 Magnum a 1935, kuma bindigar da Smith & Wesson ya ƙera masa a lokacin ta haura kilo ɗaya. Ƙananan libarbobin kamfanin na yanzu irin su samfurin 340PD, masu jikin alminiyom da aka gauraya da sikandiyom da silinda ta titaniyom, giram 330 ne ko kusa da haka, bakinsu bai kai inci biyu ba. Harsashin bai canja ba, bindigar ce ta koma kashi ɗaya cikin uku. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne ke turo bindiga baya, kuma in babu nauyin da zai shanye shi, tafin hannunka ne zai sha. Ruger LCR ta .357 ta kusa giram 500, ta zallar ƙarfe irin samfurin 640 ta wuce giram 600, kuma hannu yana gane bambancin tun a harbin farko.

In ba ka riga ka biya ba, ga ra'ayina: libarba samfurin 642 mai cin .38 Special kawai (harsashin da bai kai Magnum ƙarfi ba), giram 400 da ɗoriya, kusan rabin kuɗin 340PD da ta haura dala dubu. Mafi yawan masu sayen Magnum ɗin mara nauyi .38 suke ƙarewa da zuba mata. Amma tunda ka saya, mu ci gaba.

Mataki na biyu: mariƙi da riƙo

Cire ɗan guntun mariƙin da ta zo da shi, wanda ƙaramin yatsa ke reto a iska kuma ƙarfen baya ke dukan ƙashi kai tsaye. Sa na roba mai rufe bayan gaba ɗaya, Hogue da Pachmayr duk suna yi, kuɗinsa bai kai kwali biyu na harsashi ba. Zai ɗan ƙara mata girma a aljihu. Ka haƙura.

Ka kama ta can sama, iyakar inda hannu zai iya hawa, ka matse kamar kana murɗe wanki. Hannu na biyu ya naɗe na farko, manyan yatsu a lanƙwashe ƙasa, ɗaya kan ɗaya. Masu tasowa da fistol sukan miƙe babban yatsa gaba, to a libarba kada ka kuskura: tsakanin silinda da bututu akwai 'yar tazara inda wuta da iskar albarushi ke fita, kuma tana yanka fata. A wurin harbi na cikin gini ka toshe kunne da roba, ka ɗora abin rufe kunne a kai. Rabin tsoron Magnum daga ƙara da walƙiya yake zuwa.

Mataki na uku: kashe zabura

A nan na ɓata shekara guda, don haka a nan zan daɗe.

Jiki ba wawa ba ne. In ka bari bindiga ta mare shi sau goma, zai fara kare kansa tun kafin marin ya iso. Kana jan kunama, dab da ta tashi, sai hannu ya danna baki ƙasa, ido ya ƙifta, kai kuwa ba ka sani ba, domin ƙarar ta rufe komai. Abin da za ka gani kawai shi ne ramuka sun taru a ƙasa ta hagu in kai na-dama ne. Ni har rantsuwa na yi cewa saitin bindigar ne ya karkace. Wani dattijo a layin kusa da ni ya karɓa, ya zuba biyar a wuri ɗaya, ya miƙo mini bai ce uffan ba.

Maganin yana farawa ne a gida, babu harsashi. Ka buɗe silinda, ka duba ramuka biyar ɗin da ido, ka kai harsasai wani ɗaki, ka sa na roba da ake sayarwa don atisaye, ka fuskanci inda ko da kuskure ba zai sami kowa ba. Kunamar waɗannan bindigogi tana da tauri, wajen kilo biyar, alhali bindigar ba ta kai rabin kilo ba, shi ya sa duk motsin yatsa ke karkatar da ita. Ka sa gaɓar farko ta yatsa a kan kunama, ba tsinin yatsa ba. Ja ɗaya, santala, ba tsayawa a tsakiya. Ɗora kwabo a saman bindigar, ka ja har ta sara kwabon bai faɗi ba. Minti goma kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi.

A wurin harbi kuma ka hau tsani daga ƙasa. Libarbar .357 tana cin .38 Special, domin kaurinsu ɗaya, kwanson Magnum ne kawai ya fi tsawo kaɗan. Fara da masu shafaffen kai na gasar bara, masu nauyin giren 148 (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne), su ne mafi laushi. Yadi biyar, farantin takarda. Sai biyar sun shiga faranti sau uku a jere za ka matsa yadi bakwai. Daga nan .38 na yau da kullum, sannan mai alamar +P, wato .38 da aka ƙara wa ƙarfi. Magnum shi ne na ƙarshe, kuma kada ya wuce biyar ko goma, a ƙarshen zama. Kwali ɗaya mai hamsin ya isa yini. Wanda ya ce maka yana harba Magnum ɗari a irin wannan bindiga don nishaɗi, ka dubi takardarsa kafin ka yarda.

Ga dabarar da ta tona mini asiri. Ka sa harsashi biyu na gaske da uku na roba, ka juya silinda, ka rufe a hankali ba tare da ka kalla ba. Duk lokacin da kunama ta faɗa kan na roba za ka ga hannunka yana noƙewa ƙasa ƙiri-ƙiri. Abin kunya ne a karon farko. Ka ci gaba da yi har ya zama ko ta tashi ko ba ta tashi ba, saiti bai motsa ba. In zaburar ta dawo bayan ka hau mataki, sauko. Ni sau uku na sauko, kuma har yau da .38 +P nake yawo, irin wanda aka yi don gajeren baki, kamar samfurin Gold Dot mai giren 135. A bututun da bai kai inci biyu ba, wani kaso na albarushin Magnum a waje yake ƙonewa, ka sami wuta da ƙara masu yawa, harbi na biyu kuma ya yi jinkiri.

Mataki na huɗu: gwada harsashin da za ka ɗauka

Wannan shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa. Bindiga mara nauyi tana zabura baya da sauri har kan harsasan da ba a harba ba yakan zame gaba daga cikin kwanso. In ya leƙo ta bakin silinda, silinda ta cije, shi ke nan ka riƙe dutse. Ya taɓa faruwa da ni da wasu masu araha da na saya ban gwada ba. Gwajin mai sauƙi ne: zuba biyar, harba huɗu, fito da na biyar ka jera shi da sabo daga kwali. In ya fi tsawo, wannan samfurin ba na bindigarka ba ne. Maimaita sau uku. Masu kan dalma zalla sun fi yin haka. Sannan ka karanta rubutun jikin bututu: masu silindar titaniyom an rubuta kada a sa musu Magnum mai kai ƙasa da giren 120, saboda yana cin fuskar silindar.

Mataki na biyar: ɗauka

Kube dole ne, ko a aljihu, kuma ya rufe kunama ruf. Aljihun da bindiga ke ciki nata ne ita kaɗai, ba makulli, ba canji. In za ka mayar da ita, fito da kuben, ka sa ta, ka mayar da su tare. Aljihun kaftani yana reto yana dukan cinya, don haka ranar da na sa manyan kaya a ƙugu nake ɗaurawa da bel mai tauri. Ƙarin harsashi biyar a 'yar robar jeri sun fi kwanciya a aljihu. Sandar fitar da kwanso gajeriya ce, ka ɗaga baki sama ka buge ta da tafi. Bayan harba .38 ka goge ramukan silinda, in ba haka ba daƙin da ya taru zai hana Magnum shiga, kuma kada ka kankare titaniyom da abu mai kaushi. Duk mako ka busa ƙurar aljihu. A gida, in akwai yara, daga ƙugu sai akwati mai makulli.