Inda ake ɗaura igiya idan Hilux ta kafe

Duk direban da ke shiga ƙauyukan fadamar Haɗeja da Nguru da damina, ko yake keta yashin Yusufari da rani, ya san wata rana mota za ta kafe masa. Kafewar ba ta tayar mini da hankali. Abin da ke sa gabana faɗuwa shi ne lokacin da wata motar ta tsaya taimako, jama'a suka taru ana ta sannu, sai wani ya sunkuya ya maƙala igiya a ƙarfen da hannunsa ya fara taɓawa. A nan ake rasa rai. Motar da ta nutse a taɓo har cikinta na iya buƙatar ƙarfin da ya wuce nauyinta kafin ta fito, kuma idan ƙarfen da aka ɗaura wa igiya ya ɓalle, igiyar za ta harbo shi kamar dutse a danƙon yara, ya nufi gilashin ɗaya motar ko kan wanda ke tsaye.

Farkon abin da za ka haramta wa kanka shi ne dunƙulen ƙarfen nan na baya da ake maƙala tirela. Da ganinsa sai ka ce don wannan aikin aka yi shi, ga shi a fili, ga sauƙin zura igiya. An ƙera shi ne don ja a hankali a kan titi. Fizga ɗaya mai ƙarfi na iya karya shi daga wuya, kuma a Ostareliya, inda shiga daji da irin waɗannan motoci ya zama ruwan dare, ya kashe mutane. Shi ya sa dokar ƙasar ta tilasta a rubuta gargaɗi a jikin igiyoyin da ake sayarwa. Ko mai motar ya rantse ya sha yi a haka, ni ba na ja.

Sai 'yan zobban nan sirara da ke ƙarƙashin gaba. Da yawansu na ɗaure mota ne a jirgin ruwa ko a bayan babbar mota lokacin da ake kawo ta, ba su da ƙwarin fizga. Haka ma bamba, da ƙarfen kariya na gaba da mai walda ya haɗa maka, da aksul, da sifirin, da sandar sitiyari. Waɗannan ko ba su ɓalle ba za su lanƙwashe, ka fito daga laka ka shiga hannun bakanike.

Wurin da ya dace shi ne ƙugiya ko farantin ƙarfe mai kauri da aka ɗaure kai tsaye a jikin shasi, wato ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, da notuna masu ƙarfi, waɗanda za ka ga an buga 8.8 ko 10.9 a kansu. Na kirki ana rubuta nauyin da zai iya ɗauka a jikinsa. Yau, kafin ruwa ya sauka, ka shimfiɗa buhu ka kwanta ƙarƙashin motarka ka duba gaba da baya. In akwai tsatsa a wurin, ko tsagewa, ko ka ga walda ce kawai ba noti, kada ka amince da shi. In ka samu biyu a gaba, dama da hagu, ka haɗa su da gajeriyar igiya mai ƙarfi ka ja daga tsakiyarta, don nauyin ya rabu kada shasi ya karkace. A baya kuwa, in motarka na da ramin nan mai kusurwa huɗu, zare dunƙulen tirelar, ka sa ƙarfen da aka yi musamman don ceto, ka kulle shi da sandarsa.

Igiya kuma iri-iri ce, kuma a nan mutanenmu suka fi haɗa komai wuri guda. Igiyar fizga ta nailan ce, faffaɗa, tsawonta wajen mita 9, tana miƙewa kusan kashi 20 cikin 100 sannan ta dawo, wannan dawowar ce ke tumɓuke motar. Ka sayi wadda ƙarfinta ya ninka nauyin motar da kayanta sau biyu zuwa uku, a lissafa da wadda ta fi rashin nauyi a cikin motocin biyu. Hilux da lodinta tana kai wajen tan 3, saboda haka mai kilo 8,000 ta yi daidai. Kada ka ce bari in sayi ta babbar mota don ta fi ƙarfi, domin ba za ta miƙe ba, duk dukan zai sauka a kan shasinka. Sarƙa da wayar ƙarfe ba sa miƙewa sam. Ana iya ja da su a hankali, amma ɗaukar gudu a fizga da sarƙa ganganci ne.

Shakul, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake rufe bakinsa da ƙusa mai zare, sai wanda aka buga WLL a jikinsa, wato iyakar nauyin da aka yarda ya ɗauka, tan 3.25 ko 4.75. Mara rubutu ka bar shi a kasuwa. Ka murɗa ƙusar ta ƙure, sannan ka sassauta ta kaɗan, in ba haka ba bayan ja ba za ta kwantu ba. Akwai na igiya zalla yanzu, ba ƙarfe a jikinsa, ni shi na fi so, sai dai ba ya son wuri mai kaifi. Kuma in igiya ɗaya ta gaza tsawo, kada ka kuskura ka haɗa biyu da shakul na ƙarfe a tsakiya. Zura bakin kowace a cikin na ɗayar, ka cusa naɗaɗɗen tsumma ko guntun icce a tsakani don ƙullin ya kwantu daga baya.

Duk da haka, shebur nake fara ɗaukowa kafin igiya. Da ka ji taya na juyawa a wuri ɗaya, ɗaga ƙafarka daga totur, domin kabarin motar kake haƙawa. Tabbatar kana L4, wato giyar ƙarfi da ke juya tayoyi huɗu a hankali, in kuma tsohuwar Land Cruiser ce ko Hilux mai makullin taya, sauka ka murɗa su. Kwashe ƙasar da ke gaban tayoyi da wadda ta tokare cikin motar. A yashi rage iska zuwa 16 ko 18 a ma'aunin mai faci, ka sa katako ko faranti a ƙarƙashin taya, yadda direbobin hanyar Agadez zuwa Dirku ke yi. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Sai dai ka tanadi famfo, don taya mai ƙarancin iska ba ta son kwalta.

In ja ya zama dole, motocin su daidaita a layi ɗaya, igiya ba murɗi, a bar mata sako-sako kamar mita 2. Rataya bargo ko buhu mai ɗan nauyi a tsakiyarta, don in ta tsinke ta faɗi ƙasa. Sannan ka kori kowa gefe, mita 15 ko fiye, ba gaba ba, ba baya ba. Wannan ya fi komai wuya a ƙauye, yara na son kallo, manya na son turawa. Ni nakan sami dattijo a wurin in ce, "Baba, don Allah a janye mana yaran nan, ba zan tayar ba sai sun matsa." Fasinjoji ma su sauka. Mutum ɗaya ne zai ba da alama, ko ku yi da hon.

Jan farko a yi shi a hankali, mai ja a giya ta biyu ta L4, wanda ya kafe yana taimakawa da ɗan totur. In ba ta motsa ba a ƙara kaɗan, gudun kada ya wuce kilomita 10 zuwa 12 a awa. In an gwada sau biyu ko uku tana nan daram, a tsaya a koma shebur. Kada kowa ya tsallaka igiya muddin tana ɗaure a motocin biyu.

Nailan na rage ƙarfi idan ya jiƙe, yashi kuma na cin zarensa daga ciki. Da ka isa gida wanke igiyar da ruwa zalla, shanya ta a inuwa, ka bi ta da hannu daga baki zuwa baki. In ka ji yanka ko ka ga ɗinkin bakinta ya fara warwarewa, cire ta daga motar ka nemi sabuwa kafin fita ta gaba.