Yadda Ake Zaɓen Kyamara da Gilashinta, da Abin da Ya Kamata a Fara Canzawa

Kafin mai ɗaukar hoto ya fitar da ko kwabo don sabuwar kyamara, akwai aikin da ya kamata ya fara yi a gida. Ya buɗe hotunan ayyuka uku ko huɗu da ya yi a baya-bayan nan, ya ware waɗanda suka lalace, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana neman abin da ya ɓata kowanne. Idan mafi yawansu sun fito dishi-dishi ne saboda an ɗauke su da dare a zauren biki mai ƙarancin fitilu, matsalar ta haske ce, kuma maganinta yana wajen gilashi, wato idon da ake ɗorawa a gaban kyamara, da filash. Idan mahayin doki ya fito ɗan mitsitsi a tsakiyar hoto saboda nisa, gilashi mai dogon zango ake bukata. Sai fa idan kyamarar ce take kasa kama fuskar mai motsi, ko hoto yana cika da yashi-yashi da zarar an ɗaga lambar ISO, wato ma'aunin ƙarfin jin haske na kyamara, ko kuma katin memori ya taɓa mutuwa da aikin mutane a cikinsa, a nan ne za a iya ɗora laifi a kan gangar jikin kyamarar, wadda masu sana'ar ke kira bodi. Galibin waɗanda suka yi wannan bincike tsakani da Allah za su tarar bodin da suke shirin rabuwa da shi ba shi da laifi.

Wanda ya sayi kyamara mai cire gilashi ya shiga wani gida ne, domin kowane kamfani yana da irin bakin da yake yi wa kyamarorinsa, kuma gilashin wani gida ba ya hawa bakin wani kai tsaye. Nikon ta fito da bakinta na F tun 1959, Canon ta kawo EF a 1987, Sony ta fara E a 2010, Fujifilm ta bi da X a 2012. A shekarar 2018 ne Canon da Nikon suka fito da sababbin bakuna, RF da Z, don kyamarori marasa madubi, wato waɗanda ba su da madubin ciki mai tura hoto zuwa wurin leƙawa, kuma tun daga lokacin can suka mayar da ƙarfinsu. Wannan sauyi ya sa masu hali a ƙasashen waje suka yi ta sakin tsofaffin kayansu, har gilasan EF da F na hannu suka wadata a kasuwa, wanda kuma alheri ne ga mai ƙaramin jari. Gilashin EF yana aiki lafiya lau a kan kyamarar RF ta hanyar adafta, saboda haka kuɗin da aka zuba a kansa bai salwanta ba. A ɓangaren Nikon akwai adaftar FTZ, amma a lura da cewa tsofaffin gilasai masu alamar AF-D ba sa saita kansu a kanta, dole mutum ya murɗa da hannu, kuma haka suke yi a kan ƙananan kyamarori irin su D3200 da D5300, waɗanda ba su da injin juya gilashi a jikinsu. Masu alamar AF-S ba su da wannan matsala. Abin da zan ce a yi hattara da shi shi ne layin EOS M na Canon, domin gilasansa na EF-M ba sa hawa RF, kuma kamfanin ya daina ci gaba da layin, don haka arharsa ba ta da gaba.

Sai girman sensa, wato faifan da haske ke sauka a kansa a cikin kyamara. Babbar sensa tana da tsawon milimita 36 da faɗin 24, daidai da tsohon fim. Ƙaramar sensa da ake kira APS-C ba ta kai rabin wannan fili ba, shi ya sa duk gilashin da aka ɗora mata yake ganin wuri a matse, sai an ninka lambar zangonsa, wadda ake rubutawa da mm, sau 1.5 a Nikon da Sony da Fujifilm, ko sau 1.6 a Canon, kafin a san ainihin abin da zai gani. Ta Micro Four Thirds, wadda Olympus da Panasonic suka ƙaddamar a 2008, ninki biyu ce. Wannan lissafi yana da amfani a wurin aiki fiye da yadda sababbin shiga ke zato. Mutum ya ji ana yabon gilashin 50mm, ya saya ya ɗora a kan Canon mai APS-C, ya shiga ɗakin amarya inda take zaune da ƙawayenta shida, sai ya ga ya ja da baya har bayansa ya bugi bango, amma mutum uku kaɗai suka shiga hoto, saboda gilashin nasa ya zama tamkar 80mm. Ga irin wannan kyamara, 35mm ko 24mm ya fi dacewa da cikin ɗaki. A filin hawan sallah kuwa matsewar ta zama riba, domin 70-200mm zai ga abin da 112-320mm ke gani, har a kamo kwalliyar linzami da lifidi daga inda 'yan kallo ke tsaye. Babbar sensa ta fi tsabtar hoto a duhu, wannan ba gardama, sai dai gilasanta sun fi tsada da nauyi, kuma gilasan EF-S da aka ƙera don ƙaramar sensa ba sa hawa manyan kyamarorin Canon masu madubi sam. Duk mai niyyar komawa babbar sensa nan gaba, gara ya riƙa sayen gilasan da za su bi shi.

Gilashi ne wurin da ya cancanci mafi yawan kuɗin, kuma lambar da za a fi duba a jikinsa ita ce ta ƙofar haske, wadda ake rubutawa da harafin f. Ƙaramar lamba tana nufin ƙofa mai faɗi. Gilashin da ke zuwa tare da yawancin ƙananan kyamarori, wato 18-55mm, yana buɗewa zuwa f/3.5 ne a farkonsa, idan kuma aka jawo shi zuwa 55mm sai ƙofar ta tsuke ta koma f/5.6. Gilashin 50mm mai f/1.8, wanda yana cikin mafi arha a kowane kamfani, yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. Ma'anar haka ita ce, hoton da ya tilasta wa mutum ISO 6400 zai iya ɗaukuwa a wajen ISO 640, da bodin nan dai da ake zargi da tsufa. Babu wata sabuwar kyamara da za ta ba da irin wannan tsalle a kan irin wannan kuɗi. Amma ƙofa mai faɗi tana da nata sharaɗin, domin a f/1.8 tazarar da ke fitowa tangaran siririya ce ƙwarai, ta yadda idon amarya zai fito sarai alhali ango da ke tsaye a bayanta ya dusashe. Hoton dangi mai sahu biyu ko uku yana bukatar a tsuke zuwa f/5.6 ko sama da haka, kuma daga nan sai filash.

Wanda sana'arsa ta kankama yakan ƙare da gilasai biyu masu jawowa, 24-70mm da 70-200mm, dukansu masu f/2.8 wanda ba ya canzawa ko an jawo. Na biyun yana kai kimanin kilo ɗaya da rabi, kuma duk wanda ya wuni da shi a wuya daga ɗaurin aure zuwa dina ya san nauyin nan. Idan aikin mutum na rana ne, mai f/4 ya ishe shi, ga shi kusan rabin nauyin, ga sauƙin kuɗi. Sigma da Tamron suna ƙera gilasai masu kyau a farashi mai rangwame, abin dubawa kawai shi ne bakin da aka yi wa wanda ke hannunka. Haka nan alamar hana rawar hannu, wadda Canon ke rubutawa IS, Nikon VR, Sony OSS, tana gyara girgizar hannun mai ɗauka ne kaɗai. Ba ta tsayar da mai rawa a tsakiyar fili, wannan sai saurin labulen kyamara, wanda ke buɗewa ya rufe a kowace ɗauka, daga 1/250 na daƙiƙa zuwa abin da ya fi shi sauri.

Maganar megafiksel ba ta cancanci dogon zama ba. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a tsaye da 4000 a kwance, ko akasin haka, wanda za a wanke shi ya kai inci 20 cikin cikakken inganci, alhali allon talabijin mai 4K gaba ɗayansa megafiksel 8 ne da 'yan kai. Abin da ya haura haka cika kati da nauyaya kwamfuta ne, sai ga mai yanka hoto sosai.

Idan bincike ya nuna lallai bodi ne matsalar, abubuwa uku za a nema a sabon: ramin kati biyu, saitin da ke bin fuska da ido, da tsabtar hoto a duhu. Ramin kati biyu yana ba da damar rubuta kowane hoto a katuna biyu lokaci guda, kuma ga mai ɗaukar biki wannan ya fi komai, tunda ba a maimaita ɗaurin aure. Canon 5D Mark III ta 2012 da Nikon D750 ta 2014 da Sony A7 III ta 2018 duk suna da shi, amma Canon 6D da EOS RP rami ɗaya gare su. A wajen bin ido marasa madubi sun yi wa masu madubi fintinkau, sai dai sun fi su shan batir. A ma'aunin CIPA, wanda kamfanonin ke amfani da shi, D750 mai madubi tana ɗaukar hoto 1,230 a caji ɗaya, A7 III marar madubi kuma 710 idan ana kallon allon baya, bambancin da ya kamata mai aiki a inda wuta ba ta da tabbas ya sa a lissafi. Mai ɗaukar bidiyo kuma ya sani cewa yawancin tsofaffin kyamarorin nan suna yanke ɗauka da kansu daf da cikar minti 30, abin da kan ba mai ɗaukar wa'azi ko lacca kunya idan hankalinsa ya tafi wani wuri.

Sayen na hannu ba aibu ba ne, matuƙar an gwada kafin a biya. A tafi shago da katin kai, da gilashin kai idan akwai. A fara da neman adadin bugun labule, domin shi ne kamar kilomitar mota: an ƙiyasta wa 5D Mark III da D750 bugu 150,000, 6D kuma 100,000. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, ta Canon kuwa yawanci sai an jona ta da kwamfuta. Kai wa wannan adadi ba ya nufin kyamara ta mutu, amma hujja ce ta neman ragi. Daga nan a tsuke ƙofar haske zuwa f/22, a ɗauki farin bango ko sararin sama, a faɗaɗa hoton a bi shi lungu-lungu. Ɗige-ɗigen baƙi ƙura ce, ana gogewa, amma dogon layi siriri yana iya zama ƙarzuwa a kan sensa, wannan kuwa a ajiye a yi gaba. Shi gilashi, a cire murafunsa biyu, a haska fitilar waya ta bayansa a leƙa ta gaba. 'Yar ƙura kaɗan a ciki ba ta taɓa hoto, kuma da wuya a sami tsohon gilashi marar ita. Abin gudu shi ne wani farin zare-zare mai kama da saƙar gizo-gizo, domin fumfuna ce da danshi ya haifar, tana yaɗuwa, tana kuma cin fuskar gilashin. A ƙarshe a manna shafin jarida a bango, a ɗauke shi da ƙofa a buɗe gaba ɗaya, a kwatanta kusurwoyi huɗun. Idan ɓangare ɗaya ya fi sauran dushewa ƙwarai, alama ce gilashin ya taɓa faɗuwa, ko da mai shago ya rantse bai san zancen ba.

A cikin ƙananan kaya, filash mai juya kai ne na farko. Idan aka ɗaga kansa ya bugi farin silin, haske yana saukowa a hankali ya baibaye fuska, maimakon ya mari goshi ya bar baƙar inuwa a bango, ya kuma sa hodar amarya ta yi fari fat. Masu sayen Godox su duba harafin da ke ƙarshen sunansa, C na Canon, N na Nikon, S na Sony, F na Fujifilm, domin na wani gida ba zai yi magana da kyamararka yadda ya kamata ba. A katin memori, alamar V30 tana nufin ba zai gaza rubuta megabait 30 a daƙiƙa ba, kuma ta wadatar ga hoto da yawancin bidiyo. V60 da V90 na bidiyo mai nauyi ne. Jabun kati ya yi yawa a kasuwa, don haka sabon kati a cika shi taf da tsofaffin hotuna a gida, a sake buɗe su a kwamfuta, kafin a amince masa da aikin kuɗi. Batir ma yana iya bin mutum daga bodi zuwa bodi, kamar dangin LP-E6 na Canon da suka faro daga 5D Mark II ta 2008 har zuwa R6, ko EN-EL15 na Nikon daga D7000 zuwa Z6, kuma wannan ƙaramin dalili ne na zama a gida ɗaya.

Yanayinmu yana da nasa haraji a kan kaya. A lokacin hunturu, a guji canza gilashi a fili. Idan ya zama dole, a kashe kyamarar, a juya bakinta ƙasa, a yi sauri, kuma a hure ƙura da 'yar robar hura iska, kada a yi da baki ko a goge da gefen riga, domin ƙurar hazo tana ƙarzar gilashi. Da damina a adana gilasai a cikin mazubi mai rufuwa ruf tare da ƙullin sinadarin tsotse danshi, da bazara kuma kada a bar jaka a cikin motar da ke fake a rana.

Ranar da aka sayi sabon bodi, kada a yi gaggawar sayar da tsohon idan bakinsu ɗaya ne ko adafta na haɗa su. Kuɗin da za a ba da a kansa yawanci bai taka kara ya karya ba, alhali idan aka rataye shi a ɗaya kafaɗar da 70-200mm, sabon kuma yana ɗauke da 24-70mm, an huta da cire gilashi a cikin ƙura, kuma idan ɗaya ya tsaya ana tsakiyar kamu, akwai na biyu a hannu.