Ga ƙannenmu masu zuwa karatun lauya a New York

Duk ƙarshen Agusta sai sababbin fuskoki sun bayyana a masallatanmu na Bronx da Harlem: lauyoyi daga Kano, Kaduna, Sakkwato, sun zo yin LLM, wato digiri na biyu a fannin shari'a. Muna alfahari da ku, wallahi. Amma da yawanku kuna sauka ana jibi za a fara darasi, alhali bizar ɗalibai ta F-1 ta ba ku damar shigowa kwana 30 kafin ranar fara karatu da ke kan I-20, takardar da makaranta ke ba ku don neman biza. Wannan watan ba na yawon ganin gari ba ne.

Rajista ba wuya. Ka kai fasfo da I-20 ofishin ɗaliban ƙasashen waje, ka sauke I-94, takardar shaidar shigowarka ƙasar, a intanet, ka buɗe asusun banki, shi ke nan.

Karatu kuwa ana fara shi tun kafin a shiga aji. Malamai suna tura shafukan da za a karanta, ranar farko kuma wani zai duba jerin sunaye ya kira ka, ko ka ɗaga hannu ko ba ka ɗaga ba: me ya faru a shari'ar, me kotu ta yanke, don me? Ka amsa, ya sauya labarin kaɗan, ya sake tambaya. Haddar da ta fisshe mu a gida ba ta aiki a nan. Kowace shari'a ka taƙaita ta a shafi ɗaya da hannunka. Littattafan suna da tsada, sabo ɗaya kan haura dala 200, don haka ka nemi na hannu. In kana da niyyar rubuta jarrabawar lauyoyi ta New York, ka tantance darussanka a makon farko kafin a rufe sauyin darussa, domin ga mai dogaro da LLM don a bar shi ya rubuta, hukumar jarrabawar na neman kiredit 24 (ma'aunin yawan darussa), ciki har da ɗa'ar aikin lauya da rubutun shari'a.

Inda ake kuka shi ne gida. Mai gida a garin nan ba ruwansa da cewa kai Barista ne. Yana son ganin kuɗin shigarka na shekara ya ninka hayar wata sau 40, da tarihin biyan bashi a Amurka, da lambar Social Security (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa), wadda ba ka samunta sai da aiki. In babu, ka kawo mai tsaya maka da ke samun ninki 80. Wa ka sani mai irin wannan albashi da zai sa maka hannu? Akwai kamfanonin da ke tsayawa, amma sai ka biya su. Ni wani dillali ya riƙe takarduna har aka fara darasi, kullum "gobe", ina karanta shari'o'i a falon wani bawan Allah ɗan Kumasi mai tuƙin tasi, littafi a cinya, yaransa na kallon talabijin. Allah ya saka masa. Amma alherin jama'armu ba tsarin zama ba ne, ɗakunansu a cike suke.

Saboda haka da zarar makaranta ta ɗauke ka, nemi ɗakin makaranta, ko ya fi tsada. Kada ka tura ko sisi don gidan da ka gani a Facebook ba ka taka ƙafa a cikinsa ba. Mun ga wanda ya iso da akwatuna ya tarar mai gidan bai ma san da zancen ba. Tun 2019 dokar jihar ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya, kuɗin binciken mai neman haya kuma bai wuce dala 20 ba. Yarjejeniyar yawanci ta wata 12 ce, karatunka kuwa zai ƙare a Mayu, to ka tambaya tun yanzu ko za a bar ka ka sa wani a madadinka, kuma a rubuta amsar a takarda.