Yadda Ake Buga Wasan Yaƙin Stalingrad A Kan Tebur Kai Kaɗai

Babbar matsalar mai wasa shi kaɗai ita ce ya san shirin kowane ɓangare. Don haka ka riƙe Jamusawa, ka bar wa karta da ɗan lido ragamar Rashawa.

Fagen shi ne birnin Stalingrad na Tarayyar Soviet a Satumbar 1942, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da runduna ta 6 ta Jamus ƙarƙashin Janar Paulus ke matse runduna ta 62 ta Rashawa ƙarƙashin Janar Chuikov zuwa bakin kogin Volga. Samu tebur mai santimita 120 kowane gefe, da tef ɗin awo, da sojojin roba masu girman 1/72 (wato an rage girman mutum sau 72). Yanka kwali ka yi kangaye akalla goma, ka matsa su kusa da juna. Idan fili ya yi yawa, mashingan ɗin Jamus zai share Rashawa tun zagaye na biyu, wasa ya lalace.

Ba Jamus rukuni huɗu na mutum goma-goma da tankar Panzer IV ɗaya. Rasha rukuni uku da bindigar harbo tanka ta PTRD.

Nan ne dabarar take. Ɗauki murafun kwalba tara, ka rubuta sunayen rukunonin Rasha uku da bindigar PTRD a cikin huɗu, biyar ka bar su fayau. Kife su, ka cakuɗa, ka rarraba cikin kangaye. Ba a buɗe murfi sai sojanka ya zo santimita 20 kusa da shi.

Sai ka riƙa jan karta: baƙa, rukunin Jamus ɗaya ya motsa; ja, na Rasha. Joka ta fito, zagaye ya ƙare, ko da tankarka ba ta gusa ba. Tafiya santimita 15 ce a titi, 8 cikin ɓaraguzai. In za a yi harbi sai a jefa ɗan lido: harbin na samun wanda ke fili da 4 zuwa 6, na cikin gini kuwa sai da 6.

Kafin Barashe ya motsa, jefa ɗan lido: 1 zuwa 3 ya harbi mafi kusa, 4 ya koma kangon baya, 5 ko 6 ya afka da gurneti. Hakan ya dace da umarnin Chuikov na manne wa abokan gaba don jiragensu su kasa ruwan bama-bamai.

Ƙayyade zagaye takwas don kame ginin tsakiya, in ba haka ba za ka yi ta raɓe-raɓe ba kasada. Kada tanka ta shiga lungu ba sojan ƙasa a gabanta. Kuma abin da ɗan lido ya faɗa ya zauna, ba a sake jefawa.