Yadda ake karanta kasuwar hannun jari da ta takardun bashi a lokacin babban zaɓe

Da zarar babban zaɓe ya matso, samarin da suka fara sayen hannun jari sai su cika mini shago a bayan babbar kasuwa, tambayarsu ɗaya: "Alhaji, wa zai ci?" Shekara da shekaru ina kallon wannan tambaya tana cinye musu jari. Ba zan tsaya bayanin yadda ake buɗe asusu wajen dillalan hannun jari da ake kira SGI ba, wanda ya iso nan ya wuce wannan.

Abu na farko, mako biyu kafin ranar zaɓe, ɗauki littafi da biro ka rubuta abin da masu kuɗi suka riga suka yarda zai faru. Littafi na ce, kada ka rubuta a waya. Duk ɗan Maraɗi ya san in damina ta yi kyau, tiyar gero takan fara saukowa tun ba a yanke zangarniya ɗaya ba. Ranar girbi farashi ba ya razana, sai in abin da aka samu ya saɓa wa abin da aka sa rai. Haka zaɓe yake. A Indiya, ranar 3 ga Yuni 2024, kasuwa ta tashi da sama da kashi 3 cikin ɗari saboda hasashen cewa jam'iyyar Firaminista Modi za ta yi gagarumin rinjaye. Washegari aka ƙidaya, ta tsaya a kujeru 240, alhali ana buƙatar 272. Modi ya ci gaba da mulki, amma kasuwa ta zube da kusan kashi 6 a yini guda. Wanda ya rubuta "Modi zai ci" ya faɗi gaskiya kuma ya tafka asara. Don haka a littafinka sa har da tazara, da batun majalisa, da ko wanda ya faɗi zai amince.

Na biyu, duba takardun bashin gwamnati kafin ka duba hannun jari. Nan ne sababbi ke rikicewa. Ka ɗauka takarda ce ta jaka 10, tana biyan sefa 600 a shekara, wato kashi 6. In tsoro ya shiga, masu ita suka yarda su sayar a jaka 9, sabon mai saye 600 ɗin nan zai ci gaba da karɓa, ruwansa ya haura kashi 6 da rabi. To in ka ji an ce ruwa ya hau, farashin takarda ne ya faɗi, kuma gwamnati za ta ci bashi da tsada nan gaba. Lokacin da shugaban ƙasa na lokacin, Macky Sall, ya ɗage zaɓen Senegal a farkon Fabrairu 2024, takardun bashin ƙasar na dalar Amurka sun faɗi ranar da aka buɗe kasuwa. Amma kada ka auna mu da manyan ƙasashe: bayan ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, ranar 23 ga Yuni 2016, mutane gudu suka yi zuwa takardun gwamnatin, farashinsu ya hau. Su mafaka ce, mu kuwa daga gare mu ake gudu. Batun ruwa a addini kuma, je wajen malaminka. Ni dai sukuk, wato takardar bashi ta tsarin Musulunci, nake nema in ya samu, Senegal ta fitar a 2014, Kodibuwa a 2015. Ko ba za ka saya ba, ka riƙa duba farashin.

Na uku, kowane kamfani ka tambayi kanka da wane kuɗi yake samun riba. A daren waccan ƙuri'a ta Birtaniya fam ya faɗi zuwa inda bai taɓa kaiwa ba tun 1985, amma manyan kamfanonin Landan sun farfaɗo cikin mako guda, don yawancin cinikinsu da kuɗin waje ne. Sefarmu a ɗaure take da yuro, 655 da ƴan kai, zaɓe ba ya girgiza ta haka. Naira ce tamu matsalar. Masu bin hanyar Ɗan Issa zuwa Jibiya sun ga yadda ta zama bayan sabuwar gwamnatin Najeriya ta sakar wa kasuwa farashinta a Yuni 2023.

Na huɗu shi ne inda na ƙone. Kafin zaɓen Kodibuwa na Oktoba 2020 tsoro ya kama ni, na ba da umarnin a sayar da duk abin da nake da shi a BRVM, kasuwar hannun jarin ƙasashenmu na sefa da ke Abijan. Na manta kasuwar ba ta da zurfi. Masu saye kaɗan ne, ga ƙa'idar da ta hana farashi motsawa fiye da kashi 7 da rabi a rana, sai kayana suka fita guntu-guntu, kowane kashi a ƙasa da na jiya. Da ƙura ta lafa na koma na saya da tsada, na biya dillali la'ada sau biyu. Tun daga nan dokata ce: daga jajibirin zaɓe har kwana uku bayan sakamako ba na taɓa komai. In dole ne ka sayar, yanke farashin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba, ka rubuta wa dillali. Kuɗin Sallah da na makarantar yara kuwa tun wata biyu kafin zaɓe ake fitar da su.

Bayan nan sauran mai sauƙi ne. Buɗe littafinka ka gwada da abin da ya faru. Jira a naɗa ministan kuɗi, ka saurari kasafin farko. Sannan ka leƙa sakamakon gwanjon farko da ƙasar ta yi a UMOA-Titres, hukumar da ke shirya gwanjon takardun bashin ƙasashenmu na sefa: nawa ta nema, nawa aka kawo mata, a kan ruwa nawa.