Kurakuran da baƙi ke tafkawa a Kyoto

Na gaji da amsa waya da yamma, wani yana tsaye a bakin ƙofar da aka rufe yana tambayata ko akwai hanyar shiga ta baya. Babu. Shekarun da na yi ina karatu a Osaka, duk ɗan gida da ya sauka Japan, ɗalibi ne ko mai sarin motoci, sai ya ce a nuna masa Kyoto, kuma kusan rami ɗaya suke faɗawa. Ni ma ramin nan na fara faɗawa, shi ya sa nake da bakin magana.

Uwar kurakuran ita ce haɗama. Mutum ya ga hotuna a intanet: jajayen ƙofofin Fushimi Inari, dandamalin katako na Kiyomizu-dera, haikalin zinariya na Kinkaku-ji, dajin gora na Arashiyama. Sai ya jera su a takarda ya ce yau zai gama da su, ko taswira bai duba ba. Fushimi Inari na kudu, Kiyomizu na gabas, Kinkaku-ji na arewa maso yamma, Arashiyama can ƙarshen yamma. Garin da sarakunan Japan suka zauna fiye da shekara dubu, tun daga 794, mai haikalin Buddha wajen 1,600 da wuraren bautar Shinto wajen 400, ai ba a unguwa ɗaya aka tara su ba.

Kawuna ya zo Japan sau ɗaya, a watan Nuwamba, kuma abu ɗaya ya roƙa: ya ga ginin nan da aka lulluɓe da zinariya. Ni kuma don in nuna na san gari, na sa shi a ƙarshen jeri. Sai da hantsi muka iso tashar Kyoto. Na ja shi muka faɗa jirgin ƙasa mai sauri na zuwa Nara, ban san a lokacin ba ya tsayawa a tashar Inari ba, ta taga muka ga tashar ta wuce. Muka dawo a mai tsayawa ko'ina. Dutsen Inari mita 233 ne kacal, amma matakala ce zalla, zagaye shi na cin awa biyu zuwa uku, a rabi dattijo ya ce gwiwarsa ta gaji. Daga nan Kiyomizu, inda muka bi sahun jama'a kamar ranar hawan sallah. Ƙarfe uku da rabi muna tashar bas. Uku suka wuce a cike maƙil, ta huɗu ta ɗauke mu ta maƙale a cunkoso. Kinkaku-ji ƙarfe biyar ake rufewa, a ƙarshen Nuwamba kuwa kafin biyar rana ta faɗi. Muka iso a cikin duhu. Kawu ya dubi ƙofar, ya dube ni.

"To, ɗan nan, zinariyar ke nan?"

"Kawu, a yi mini afuwa."

Jirginsa na komawa gida washegari ne.

Tun daga ranar, ɓangare ɗaya nake yi a yini, kuma abin da baƙo ya fi ƙwallafa rai a kai shi ne na farko. Ranar gabas, Kiyomizu ƙarfe shida na safe ake buɗewa. Mu da muka saba tashin asuba, wannan kyauta ce. A lokacin ne za ka tsaya a dandamalin nan mai tsayin mita 13, wanda aka gina a 1633 ba tare da ƙusa ba, ka ga gari a ƙasa babu mai ture ka. Sai ka gangaro da ƙafa ta titunan Sannenzaka da Ninenzaka har wurin bautar Yasaka. Ranar arewa, in kasance a ƙofar Kinkaku-ji ƙarfe tara, in taka minti ashirin zuwa haikalin Ryoan-ji, in ƙarasa na Ninna-ji, in hau ƙaramin jirgin Randen zuwa Arashiyama in da sauran ƙarfi. Fushimi Inari kuwa ba a rufewa, ba a biya, don haka ko bayan magariba ma ya yi. Wasu abokaina na cewa ina ɓata wa baƙo kwanaki. Su dai ba su tsaya da kawunsu a duhu ba.

Bas kuma, in akwai jirgi, rabu da ita. Zuwa Kinkaku-ji jirgin ƙarƙashin ƙasa nake hawa zuwa tashar Kitaoji, sannan in ɗauki bas ta gajeren zango. Ka sayi katin ICOCA, na biyan kuɗin jirgi da bas, ka zuba masa kuɗi. Katin bas na yini ɗaya na yen 700 da tsofaffin rubuce-rubuce ke yabo an daina amfani da shi tun Maris 2024.

Yanzu ga wanda ke ɓata mini rai sosai: waya. Haba jama'a! A unguwar Gion mutum ya hango maiko, wato budurwa mai koyon sana'ar rawa da waƙar gargajiya, cikin ado tana sauri, sai ya bi ta da kyamara, har ya sha gabanta. Yarinyar nan aiki za ta. Da ƙanwarka ce baƙo ya tare a lungu yana ɗaukar hotonta, ai da an ji ku. Tun 2019 aka kafa alluna na tarar yen 10,000 ga mai ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, a 2024 kuma aka hana masu yawon buɗe ido shiga wasunsu, duk saboda irin wannan hali. A haikalin Sanjusangen-do, inda mutum-mutumi 1,001 ke jere, an hana hoto. A cikin fadar Ninomaru ta gidan sarautar Nijo ma haka. Amma sai ka ga namu ya ɓoye waya a hannun riga, ko ya kira gida da bidiyo yana "ku gani, ku gani" da muryar kasuwa, alhali akwai masu ibada a gefensa. Ba addininka ba ne, na sani. Wanda ya shigo masallacinku yana haka, me za ku yi masa?

Kwamin ruwan da ke bakin wuraren bautar ba na alwala ba ne, kuma ba a kai ludayin baki. Ba wanda zai tilasta maka rusunawa ko tafa hannu, ka dai matsa gefe kada ka tare hanya. Salla kuwa, ni haɗa azahar da la'asar nake yi a matsayina na matafiyi. Akwai ƙaramin masallaci a kusa da tsohuwar fadar sarki, amma ka lissafa shi cikin tafiyarka tun da safe.

Takalmi za ka yi ta cirewa, ka sa mai sauƙin zarewa. Ka duba safarka kafin ka fito, don na taɓa zagaye Ninomaru ina naɗe babban yatsa, dabe kuma yana ƙara kamar kukan tsuntsu a kowane taku, haka aka san shi. Da sanyi katakon nan kamar ƙanƙara yake.

Abinci: rashin ganin nama a kwano ba ya nufin ka tsira. Romon taliyarsu ta ramen galibi na alade ne, mirin da ake zubawa a miya kuma giyar shinkafa ce. Ko abincin sufaye na ganye da awara (tofu), ka tambaya.

Saura ƙanana ne. Ka riƙe tsabar kuɗi, ƙofofi da yawa ba sa karɓar kati. Ba a shiga cikin Kinkaku-ji, daga bakin tafki ake kallo, kuma ginin na 1955 ne, na asali wani ɗalibin sufi ya ƙone shi a 1950. Wani haikalin kuma, Ginkaku-ji, da ake kira na azurfa, ko ɗigon azurfa babu. Duwatsun lambun Ryoan-ji 15 ne, kada ka wahalar da wuyanka, ba sa ganuwa duka daga wuri ɗaya. Saiho-ji, lambun gansakuka, sai da neman izini tun kafin ranar. Kwandon shara da wuya ka gani, ka tafi da leda. Ka guji ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin hutun Japanawa ne. Agusta kuwa kada ka ce kai ɗan Sakkwato ne, zafinsu mai gumi ne, riga ba ta bushewa.

Da sanyi ya wuce na koma Kinkaku-ji ni kaɗai ƙarfe tara, zinariya na ƙyalli a cikin ruwa, na ɗauki hoto na aika wa Kawu. Ya amsa da cewa irin wannan ai ko a kalanda ya sha gani.