Darasi na Tara: Ajiyar Hatsi da Jakar Ko-ta-kwana

A ƙasar Zazzau hatsi ya fi araha da kaka, lokacin da masara da dawa da gero da wake suke cika kasuwar Giwa da ta Sabon Gari, sannan farashi ya riƙa hawa har zuwa watannin Yuli da Agusta, sa'ad da tsohon hatsi ya yi ƙaranci, sabo kuwa bai nuna ba. A watan Agustan ne kuma ruwan sama ya fi ƙarfi, har a wasu shekarun ya shiga gidajen da ke kusa da kogin Kubanni da na Galma. Wanda ya ga kullen korona na 2020 da ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya san akwai ranar da kasuwa ba za ta amfane shi ba, sai abin da ke cikin ɗakinsa.

Yawancin hatsin da ke lalacewa a gida tun wajen shanya ya lalace. Masara ba ta ajiyuwa sai damshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa da haka, kuma kuna iya gwadawa ba tare da na'ura ba. Ku sami busasshiyar kwalbar gilashi, ku zuba hatsi ya kai sulusinta, ku ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya ya bushe sarai, ku rufe ku girgiza na minti ɗaya. Bayan minti 15 ku sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran damshi, sai a mayar da hatsin rana. A yi shanyar a kan tampol ko tabarma, domin shanya a gefen titi tana kwaso ƙura da tsakuwa da kashin awaki.

Dalilin wannan tsanani shi ne fumfuna. Masara da gyaɗa masu damshi suna yin wata fumfuna mai fitar da guba da ake kira afilatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta, kuma yawan cinta yana jawo ciwon dajin hanta. Saboda haka duk ƙwayar da ta yi baƙi ko kore a tsince ta a binne. Kada a ba shanu ko awaki don gudun asara, domin gubar tana biyo nono ta dawo wa yara.

Bayan damshi sai ƙwari, musamman a wake. A nan ne wasu suke zuba fiya-fiya ko Sniper a cikin abin da iyalinsu za su ci, kuma wannan ganganci ne babba. Saboda irin wannan magani Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Ita ma ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi don kashe ƙwari iska mai kisa take fitarwa, don haka ba a ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin da mutane suke kwana.

Hanyar da ta fi lafiya ita ce hana ƙwarin iska. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhu ɗaya a waje. A fara duba kowace leda a tabbatar ba ta da huji ko na allura, a sa ɗaya cikin ɗaya, a zuba waken a bar wajen ɗauri. Sai a danna a fitar da iska, a murɗe bakin ledar farko, a lanƙwasa a ɗaure tam, sannan a yi wa ta biyu nata ɗaurin daban, na wajen ma haka. Ƙwarin da ke ciki suna shaƙe ɗan iskar da ta rage su mutu. Wanda bai sami buhun ba ya cika jarka har baki ya sa leda a ƙarƙashin murfin, muddin jarkar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba. A ware na cin yau da kullum daban, domin yawan buɗewa yana mayar da aikin baya. Buhu ya hau kan katako, kada ya jingina da bango, a rubuta masa wata da shekara, a riƙa fara cin wanda ya daɗe.

Ƙwaya ta fi gari daɗewa, garin gero ma cikin 'yan kwanaki yake yin ɗaci, don haka a riƙa kai niƙa kaɗan-kaɗan. Uwargida kuma ta tanadi kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da barkono da gishiri a mazubi mai murfi. Ruwa ana ƙiyasta lita 15 ga kowane mutum a rana don sha da girki da tsafta, kuma wanda ba a yarda da shi ba a tafasa shi sosai na minti ɗaya.

Sauran abu shi ne ranar da za a bar gida da gaggawa saboda ambaliya ko gobara. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun kafin damina a haɗa jaka ɗaya a rataye ta kusa da ƙofa, inda maigida da matan gida da manyan yara duk suka sani. Takardun gida da na gona, takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa, katin zaɓe da katin rigakafin yara a naɗe su a leda biyu. A sa tocila da batir, ƙaramin rediyo, cajar waya, ashana, sabulu, audugar mata, gidan sauro, kuɗi 'yan canji, da abincin da ba ya bukatar wuta kamar garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino da sukari. Mai hawan jini ko ciwon suga ko sikila a sa masa maganinsa, a riƙa duba ranar da zai daina aiki.

Gudawa ta fi yawa bayan ambaliya, kuma tana saurin ƙarar da ruwan jikin yaro. A sa ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake damawa a ba mai gudawa, da ƙwayar zinc a jakar. Idan babu ORS, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari, ba tozo, da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, a riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan a hanyar zuwa asibiti. Lambobin 'yan'uwa da ta mai unguwa da lambar gaggawa 112 a rubuta su a takarda, domin waya tana iya faɗawa ruwa.

Kafin zama na gaba, kowa ya rubuta a littafinsa mudu nawa na hatsi gidansa ke ci a mako, ya lissafa na wata uku. Sannan ya fitar da lita nawa ta ruwa gida mai mutum takwas zai bukata a kwana uku, da jarka nawa mai lita 25 za ta ɗauke ta.